Yadda ake zaɓen moton sinkuronos idan za ka haɗa garmaho da hannunka

Moton sinkuronos shi ne wanda gudunsa ke tafiya daidai da bugun wutar da aka ba shi. Abu na farko, ka rabu da moton fanka da na maikurowef. Kusan duk yaron da ya kawo min aikinsa a nan ya fara lalacewa. Na fanka gudunsa raguwa yake da zarar ya ji nauyi, na maikurowef kuwa e sinkuronos ne amma zagaye 5 ko 6 yake a minti, giyarsa sai ƙara, kuma yau ya juya dama gobe hagu.

Abin da za ka nema shine mai fol 24 (fol su ne kawunan maganaɗisun da ke cikin moto), irin na kamfanin Premotec ko Airpax da ake samu a tsofaffin garmahon Rega da Linn. Ka leƙa wajen masu gyaran rediyo a Sabon Gari ko 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa, wani lokacin mataccen garmaho sukutum ya fi moton shi kaɗai araha, ga bel da faranti kyauta.

To yanzu ka nutsu, nan ne wajen. Shi wannan moton gudunsa ba ruwansa da ƙarfin wuta, firikwensi yake bi, wato yawan bugun wutar a daƙiƙa ɗaya, wanda ake aunawa da Hz. Lissafin: 120 sau firikwensi, a raba da yawan fol. Wutarmu 50Hz ce, kenan zagaye 250 a minti. Wannan moton dai in ka kai shi Amurka mai 60Hz 300 zai yi, shi yasa in ka ciro moto da fulinsa (gargaren kan moto da bel ke hawa) daga kayan Amurka faifan da ya kamata ya yi zagaye 33⅓ a minti zai dawo wajen 28, murya ta yi kauri kamar mai mura, sai ka ga mutum ya ruga ya sayo sitabilaiza alhali ita boltej kawai take gyarawa, asarar kuɗi ce wallahi. Ƙaramin janareta kuwa kar ma ka fara, firiji na tashi waƙa za ta karkace. Ita kanta wutar nepa tana ɗan yawo sama da ƙasa da 50. Ni a wajena doka ce, inbata mai tsaftataccen sayin (pure sine wave), wadda firikwensinta ba ya yawo, ba irin mai arhar nan da ke sa moto gurnani da zafi ba.

Ka karanta jikinsa kafin ka biya. Da yawansu 110V ne, ka soka a 230V kai tsaye ya ƙone, sai da taransifoma ko rizisto. Koyil biyu ne a ciki, na biyun yana son kafasito, galibi wajen 0.22µF, in babu sai ya tsaya yana karkarwa. Ka sa mai kayan ya jona maka, ka riƙe a tafin hannu, in kana jin rawarsa sosai to allura ma za ta ji, ajiye masa abinsa.

Fuli: 250 a raba da 33⅓ ya ba ka 7.5. In bel na zagaya ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin babban, mai faɗin milimita 150, fulinka 20 kenan, na faifan 45 kuma 27. Ka ce wa mai feƙe ƙarfe ya rage kaurin bel ɗin a ciki.

Sauran ba wuya, ɗora moton kan roba, nesa da allura. Wajen gwaji kar ka yarda da takardar nan mai layi-layi ta auna gudun faranti a ƙarƙashin ƙwan wutar gida, in ƙwan da moton firikwensi ɗaya suke bi, ba za ta nuna maka yawon firikwensin ba. Sauke manhajar auna zagaye, ɗora wayar a tsakiyar faranti ka duba.