Yadda ɗan kokawa zai mayar da fage sana'a, ya kuma riƙe kuɗinta

Matashin da ke son cin abinci da kokawa a Kaduna ya fara sanin wace iri zai yi, don kowace da hanyar kuɗinta. Akwai ta gargajiya, wadda ake yi a kan yashi da kiɗa da kirari. Akwai ta gasar Olamfik, turmi biyu na minti 3 kowanne, wadda Blessing Oborududu ta ciwo wa Nijeriya azurfa a cikinta a Tokyo, a ajin kilo 68. Sai ta talabijin irin ta kamfanin WWE na Amurka, inda Omos da Oba Femi, 'yan asalin Legas, suke. Wannan ta ƙarshe wasa ne da ake tsara sakamakonsa tun kafin a hau dandali, kuma jiki mai cika ido da iya magana ake saye a can. Ga ɗan Rigasa ko Tudun Wada, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta gargajiya.

Nemi ubangida tukuna, tsohon ɗan kokawa da zai koya maka kamu da tsayuwa, ya kuma zaɓa maka abokin karawa. Sabon shiga da ya biye wa zugar makaɗa ya kama wanda ya fi shi da kilo 20, kafaɗa ko gwiwa ce za ta biya.

Ƙarfin kaye a ƙugu da cinya da wuya yake, damtse na biye ne. A mako ka ware kwana 3 na gudu, kilomita 4 zuwa 5 da sassafe, kwana 3 na kamu a kan yashi, kwana 1 na hutu. Yashin ya zama mai laushi, an tsince duwatsu da kwalabe. Yi tsugunne-tashi da abokinka a kafaɗa, 10 sau 4. Wuya kuwa a hankali ake gina shi: kafa kai da ƙafafu a ƙasa, ɗaga ƙugu, daƙiƙa 20 kacal a makonnin farko. Kuma ka koyi faɗuwa kafin ka koyi kayarwa. Yawancin targaɗe da karayar tsintsiyar hannu daga tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu suke zuwa.

Gasar ƙasashen ECOWAS ajin nauyi take bi: kilo 66, 76, 86, 100 da 120. Zaɓi ajin da ya fi kusa da nauyinka, ka zauna a kansa duk shekara. In za ka rage, kada ya wuce rabin kilo a mako. Masu ƙin shan ruwa kwana biyu kafin awo suna tsallake sikeli, amma su shiga fage da jiri da ɗaurewar jijiya. Tuwo da wake da ƙwai da fura da nono sun ishi jiki. Tramadol kuwa ɓoye ciwo take yi har ka ƙarasa yaga abin da ya fara yagewa, kuma tun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta ta a lokacin gasa. Kunnen da ya kumbura da jini a kai shi asibiti a zuƙe cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ya daskare ya nannaɗe har abada.

Don a san da kai, ka yi rajista da ƙungiyar wasannin gargajiya ta jiha, ka riƙa leƙa filin wasa na Ahmadu Bello da Dandalin Murtala don jin ranar tantancewa. Daga nan ake zuwa gasar wasanni ta ƙasa, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Ka riƙa kallon gasar Takobi, babbar gasar kokawar gargajiya ta Nijar, musamman yadda zakara Issaka Issaka na Dosso yake haƙuri kafin ya kai kamu. Kafin kowane wasa tambayi alƙali abin da ake ƙirgawa kaye, don dokar gwiwa da hannu takan bambanta daga fage zuwa fage.

Kuɗi ta hanya huɗu suke shigowa: ladan wasa, kyautar gasa, liƙin 'yan kallo, da talla in sunanka ya fita a TikTok da YouTube. Kada ka hau mota sai an rubuta nawa ne ladanka, wa zai biya mota da masauki, wa zai ɗauki asibiti in an ji rauni, sannan ka karɓi rabi a hannu. A yanke kason makaɗa da na yaranka tun a gida, domin rabon dare bayan wasa shi ke raba zumunci.

Harkar ta fi ci da kaka da rani, damina kuwa fage shiru. Duk abin da ya shigo ka kasa shi uku: kashi ɗaya na gida da abinci, ɗaya a asusun banki na jinya da damina, ɗaya jari. Turkar raguna biyu wata 4 kafin Babbar Sallah, ko sayen buhunan masara da kaka a sayar da bazara, sun fi babur ɗin ƙawa. A zuba masarar a buhu mai leda biyu bayan ta bushe ƙayau, a ɗora kan katako nesa da bango, in ba haka ba ƙwari da danshi su cinye ribar kafin watan Mayu.