Kafin ka kai mara lafiya zaman jinya da kiɗa

Wata shida na yi ina raka mahaifiyata zaman jinya da kiɗa bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ga abin da zan gaya wa mai shirin farawa.

Fara da neman ganin shaidar ƙwarewar mai jinyar, kada ka ji nauyi. A Birtaniya sai ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan wasu rukunan ma'aikatan lafiya, a Amurka kuma za ka ga haruffan MT-BC a bayan sunansa, alamar yana da takardar shaidar ƙwarewa a jinya da kiɗa. Iya kiɗa daban, iya jinya daban.

Zaman farko na aunawa ne. Ba sai mara lafiya ya iya waƙa ba. Mama ƙaramar ganga aka ɗora mata a cinya, aka ce ta buga da hannun da ya yi rauni. Bugu uku ta yi ta gaji, aka rubuta, daga nan aka tsara inda za a dosa. Ka nemi a ba ka wannan tsari a rubuce.

Tana da ikon cewa a'a. Ranar da aka sa wata waƙa da ta tuna mata da marigayi Baba, hannu kawai ta ɗaga aka kashe. Ba a ɗaukar murya ko bidiyo sai da izininta, kuma sirrinta ba ya fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar barazana ga rai.

Naka aikin kuwa, ku zo a kan lokaci, ka faɗi magungunan da mara lafiya ke sha, ka sanar da wuri in ba za ku zo ba. Ni sau biyu na manta, na biya kuɗin zaman da ba mu yi ba.

Kuma kada a ajiye maganin likita saboda kiɗa.