Giyar alkama ta gida: kurakuran da muke yi wajen ɗanɗanawa

Karo na farko da na haɗa giyar alkama a gida, lita ashirin na zubar a kwata. A kwana na uku na buɗe murfin bokitin sai na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, na ɗauka ta lalace. Daga baya na gane cewa irin yis ɗin da ake yin wannan giya da shi yakan fitar da warin farar wuta a kwanakin farko, kuma warin na tafiya da kansa kafin mako na biyu ya ƙare. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin tsiron alkama da na sha'ir ba araha ba ne a Jos. Wannan rubutu na manya ne waɗanda addininsu da lafiyarsu suka yarje musu sha, kuma suke son su san abin da ke cikin kofinsu.

Babban kuskurenmu shi ne auna giyar alkama da ma'aunin giyar kamfani. Mun saba da wadda ake tacewa har ka hango yatsanka ta bayan kwalba, don haka idan aka miƙo mana kofi mai hazo sai fuska ta canza. Alhali hazon nan shi ne kamanninta. Giyar alkama irin ta Bavariya, wadda Jamusawa ke kira Hefeweizen, akalla rabin tsironta alkama ne, kuma ba a tace yis ɗinta. Furotin na alkama da yis ɗin da ke yawo a ciki su ke ba ta launin nan mai duhu-duhu da kumfa mai kauri. Abin mamaki, mu da muka taso muna ganin burukutu a ƙwarya bai kamata hazo ya ba mu tsoro ba. Abin da ya kamata ka duba shi ne irin hazon: idan ya bazu daidai kamar an gauraya ruwan lemu, lafiya lau. Idan kuwa ka ga gudaji-gudaji suna yawo, ko wata farar fata ta rufe saman giyar a wuyan kwalba, to wani baƙo ya shiga, wato ƙwayoyin cuta, sai ka koma kan yadda kake wanke kayan aikinka.

Sai sanyi. Mutum ya ciro kwalba daga firiza tana ƙanƙara, ya kurɓa, ya ce ba ta da ƙamshi. Ina za ta samu ƙamshi? Tsananin sanyi yana danne shi, yana kuma kashe harshe. Digiri 7 zuwa 8 ya ishe ta. Fitar da ita daga firji ka bar ta minti goma, a lokacin hunturu ma ajiye ta a waje da dare kan kusa wadatarwa.

Kada ka sha daga bakin kwalba, hancinka ba zai samu rabonsa ba. Nemi dogon tambulan mai faɗin baki, ka ɗauraye shi da ruwan sanyi sosai, domin ragowar sabulu ko maiƙo kaɗan ya isa ya kashe kumfa, kai kuma ka ɗora wa giyar laifi. Karkata tambulan ɗin ka zuba a hankali. Idan ya rage kamar yatsa biyu a kwalbar, jujjuya ta don yis ɗin da ya kwanta a ƙasa ya taso, sannan ka ƙarasa zubawa. Masu barin wannan guntun a kwalba suna barin rabin ɗanɗanon.

Yanzu ga inda aikin yake, wato hanci. Giyar alkama ta Bavariya tana da ƙamshi biyu da aka san ta da su: na ayaba da na kanumfari. Ba a zuba ko ɗaya a ciki, yis ne ke samar da su yayin da yake cin sukarin. Na sha ganin baƙo ya shinshina ya ce, “Ɗan'uwa, ayaba ka matse a ciki ne?” Tambayar da ta dace ita ce, wanne ya rinjayi wanne. Idan ayaba ta cika yawa har ta koma kamar cingam, kuma can ƙasa kana jin wani zafi mai kama da man goge farce yana hawa hanci, giyar ta nuna cikin zafi. Wannan yis ya fi son digiri 17 zuwa 20. Jos ta yi mana alheri da tsaunukanta, amma kada sanyin safiya ya ruɗe ka: a watan Maris da Afrilu ɗaki kan wuce digiri 25 da rana, kuma cikin bokitin ya fi ɗakin zafi da digiri biyu ko uku saboda yis na fitar da nasa zafin. Gyaran ba shi da tsada. Tsoma bokitin cikin babban baho mai ruwa, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane wanda bakinsa ke taɓa ruwan. Hikimar randa ce, ruwa na tsotsewa yana tafiya da zafi. Wanda ke da zaɓi kuma ya yi haɗinsa tsakanin Nuwamba da Janairu.

Idan kanumfarin ne ya yi ƙaranci, a haɗi na gaba ka fara jiƙa tsiron a ruwa mai digiri 43 zuwa 45 na kamar minti goma sha biyar kafin ka ɗaga zafin. A nan ne tsiro ke sakin sinadarin da yis ke mayarwa ƙamshin kanumfari.

Amma akwai wani tarko da ya fi kowanne kama mutane, kuma ina so a tsaya a kansa. Warin magani, irin na filastar ciwo ko ɗakin asibiti, ɗan'uwan ƙamshin kanumfari ne na jini, duka daga dangi ɗaya na sinadarai suke. Saboda haka mai sabon hanci yakan ji warin magani ya yi murna, ya ce kanumfari ya fito. Ba shi ba ne. Kanumfari yana da ɗumi da daɗi, irin wanda kake ji a zoɓo ko kunun zaƙi. Warin magani kuwa yana maƙale a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Kulorin, sinadarin tsabtace ruwa, ne ke kawo shi, ko daga ruwan famfo, ko daga bilic ɗin da ka wanke bokiti da shi ba ka ɗauraye da kyau ba. Tafasa ruwan ko ka bar shi ya kwana a buɗe kafin amfani, ko ka yi aiki da ruwan burtsatse mai tsabta. Hanya mafi sauƙi ta koya wa hanci bambancin ita ce ka ajiye ƙwayar kanumfari biyu a gefen kofi, ka shinshina wannan ka shinshina wancan.

Tsami ma yana raba kan masu sha a garin nan. Wata dattijuwa da ta shekara fiye da talatin tana dafa burukutu ta taɓa kurɓar tawa, ta ce, “Ɗana, wannan ai ba ta nuna ba.” Na ce, “Mama, haka ake yin ta.” A ma'auninta gaskiya ta faɗa, domin burukutu sai ya bi ta matakin tsami kafin ya zama burukutu. Giyar alkama tana da ɗan tsami mai laushi wanda da ƙyar za ka kama shi, iyakarsa ke nan. Idan ta kai tsamin nono ko na ruwan kal, ƙwayoyin cuta sun shiga. Akwai dai wata giyar alkama ta birnin Balin da ake tsamar da ita da gangan, amma sai idan ita ka yi niyya. Haka kuma idan ka zuba bawon lemu da 'ya'yan koriyanda, ka koma salon Beljiyam, wanda wani mai haɗa giya, Pierre Celis, ya farfaɗo da shi a garin Hoegaarden a 1966. Kada ka nemi ayaba a cikinta. Kafin ka yanke wa giya hukunci, ka tabbata wace iri aka so yi.

Sauran alamun ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗanɗanon man shanu ko na ɗanyar tuffa yana nufin ka yi gaggawar raba giyar da yis ɗinta, a gaba ka ƙara mata kwana uku ko huɗu. Ƙamshin dafaffiyar masara na zuwa ne idan an rufe tukunya lokacin tafasa. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali alama ce iska ta shiga wajen ɗurawa, ko giyar ta tsufa, don giyar alkama ba ta son ajiya, cikin wata biyu zuwa uku ta fi daɗi. Kwalba kuma ta zama mai launin ruwan ƙasa, domin koriya da fara suna barin hasken rana ya ɓata ta cikin ƙanƙanin lokaci.

Gaggawar buɗe kwalba ma kuskure ce. Mutum ya ɗura yau, bayan kwana huɗu ya buɗe, ya ce ba ta da gas. Sai ta yi mako biyu a ɗaki kafin ta shiga firji. Wannan giya tana son gas fiye da yawancin giya, ana zuba giram 7 zuwa 8 na sukari a kowace lita lokacin ɗurawa don yis ya samar da shi, don haka kwalba mai kauri kawai za ka yi amfani da ita. Kuma kada ka ɗura sai ma'aunin haidiromita, wanda ke auna kaurin sukarin da ya rage a giya, ya nuna lamba ɗaya kwana biyu ko uku a jere. Idan ka fara daga wajen 1.050, ya kamata ta sauka kusa da 1.010 zuwa 1.012, ƙarfinta ya zama kamar kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya ɗura kafin ta gama nuna, kwalabe na iya fashe masa a ɗaki, kuma gilashi ba ya zaɓen wanda zai yanka.

Bakinka ma sai ka shirya shi. Bayan tsire da yaji, ko goro, ko taba, babu harshen da zai gane komai. Yi ɗanɗanon kafin abinci, da ruwa da gutsuren burodi a kusa. Kuma idan ka ba abokai, kada ka riga su magana. Da zarar ka ce “kun ji ayaba?” kowa zai ji ayaba. Ka ba kowa takarda ya rubuta nasa shiru, sannan ku kwatanta. Alƙalan gasar giya a Amurka suna raba maki 50 ne: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda take a baki, 10 na gamsuwa gaba ɗaya. Maki uku kacal na kamanni, abin da muke ɓata rabin hirarmu a kansa. Ni a littafina, gefen makin kowane haɗi, nakan rubuta ranar da na dafa, ruwan da na yi amfani da shi, da zafin bokitin safe da yamma a kwana uku na farko.