Babi na Bakwai: Takardar Shaidar Hali da Hatimanta

Wata Asabar bayan an tashi daga aji, wani ɗalibinmu mai sana'ar walda ya tsaya a bakin ƙofa, ya zaro takarda daga cikin leda.

"Malam, don Allah duba min. Kamfanin da zai ɗauke ni aiki a Katar ya dawo min da ita, wai ba ta cika ba. Alhali 'yan sanda ne suka ba ni hannu da hannu."

Na karɓa na juya bayanta. Fari fat, babu hatimi ko ɗaya. Na ce, "Ɗan'uwa, takardarka ta gaskiya ce. Tafiyarta ce ba ta ƙare ba."

Wannan takarda ita ce shaidar hali ta 'yan sanda. Abin da take faɗa gajere ne: an bincika rajistar masu laifi ta ƙasa, ba a ga sunanka a ciki ba. Ƙasashe da yawa ba sa ba baƙo bizar aiki ko izinin zama sai sun gan ta. Ingila, alal misali, tana neman ta daga masu zuwa aikin jinya, koyarwa ko kula da tsofaffi, kuma daga kowace ƙasa da mutum ya zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce.

A Najeriya rundunar 'yan sanda ce ke bayar da ita, ta hannun ofishin rajistar masu laifi, wanda aka fi sani da Alagbon a unguwar Ikoyi ta Legas. Yanzu ana fara nema ta intanet, a shafin 'yan sanda mai suna POSSAP. Za a buƙaci lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da shafin fasfo mai ɗauke da hotonka, da ƙaramin hoto. Kuɗin yana fitowa a shafin POSSAP ɗin, kuma shi za ka biya, ka riƙe rasit. Daga nan sai a ɗauki zanen yatsunka. Wannan kam babu mai yi maka, dole ka kai hannunka da kanka. Duk wanda ya ce zai kawo maka takardar har gida ba tare da ka dangwala yatsa ba, guje shi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, tasu daga kotu take fitowa, ba daga 'yan sanda ba.

To, me ya sa takardar gaskiya ba ta isa ba? Ka tuna yadda ake ba baƙo bashi a kasuwa. Mai shago bai san shi ba, amma ya san sarkin kasuwa. Idan sarkin kasuwa ya tsaya masa, magana ta ƙare. Haka jami'in da ke zaune a Doha bai san sa hannun ɗan sandan Najeriya ba. Wanda ya sani shi ne jakadan ƙasarsa da ke Abuja. Shi kuma jakadan, sa hannun Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya ya sani. Ma'aikatar kuwa ta san na 'yan sanda. Saboda haka kowane hatimi yana tsaya wa wanda ya gabace shi.

Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1961, wadda ta sa ƙasashen da ke cikinta suke wadatuwa da hatimi guda a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki. Shi ya sa takardarmu take bin doguwar hanya.

Hanyar kuwa ba a tsallake ta. Daga 'yan sanda sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sashen shari'a. Kuɗinsu ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, ya faɗa asusun gwamnati, ba aljihun wani ba. Ka tafi da ainihin takardar da fotokwafi da rasit. Bayan sun buga nasu hatimi, sannan ka nufi ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Wanda ya fara da ofishin jakadanci, za a maido shi, ga asarar kuɗin mota da na masauki. Wasu ƙasashen, kamar Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sukan ƙara nasu hatimi a can bayan ka isa. Idan an nemi fassara zuwa Larabci, tambayi ofishin jakadancin wane mai fassara suke yarda da shi kafin ka ba kowa kuɗinka.

Kada ka kai takardar a manne mata leda don gudun ruwa ko datti. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma hatimi ba ya kama leda. Saka ta a fayil, kada ka ninke.

Sai batun lokaci. Wannan takarda ba kamar ta makaranta ba ce da ake ajiyewa a akwati shekara da shekaru. Ofisoshi da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata 3 zuwa 6. Don haka ka fara samun takardar ɗaukar aiki a rubuce, ka ji abin da suke so, sannan ka nema. Da ta fito kuma, kada ka yi sanya wajen bin hatiman.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda harafi ɗaya ke rushe wahalar watanni. Da muka zauna da mai waldan nan, na ce ya ajiye fasfo da katin NIN da takardar 'yan sanda a jere kan benci. Ya ɗora yatsa yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana furtawa a hankali. A fasfo an rubuta Mohammed. A NIN kuma Muhammadu. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai duk suna ɗaya ne." A wurinmu haka ne. A wurin jami'in biza kuwa, mutum biyu ne. Haka ranar haihuwa: wani ejan da ya cike masa fom a shagon intanet ya juya rana da wata, 3 ga watan 5 ta koma 5 ga watan 3. Da ya iya karanta fom ɗin a lokacin, da a nan take ya sa an gyara. Gyaran NIN ta hannun hukumar katin ɗan ƙasa ake yi, na fasfo kuma a ofishin shige da fice, kuma sau da yawa sukan nemi takardar rantsuwa daga kotu. A gama wannan kafin a nemi shaidar hali.

Idan ta hannun kamfanin samar da aiki za ka bi, nemi ganin lasisinsa daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kuma kada ka bar ainihin fasfonka a hannun dillali.

Aikin gida: ɗauko duk katin shaida da kake da shi. A littafinka ka kwafi cikakken sunanka da ranar haihuwarka daga kowanne, layi ƙarƙashin layi, yadda aka rubuta su daidai. Ka ja layi ƙarƙashin duk harafi ko lambar da ta bambanta. Ka zo da littafin ranar Asabar mu duba tare.