Yadda Ake Cire Dogon Bol na Ƙarfen Tayar Baya Idan Ya Cije

Baburan haya da ke shiga taɓon damina a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sukan gamu da cijewar bol ɗin da ke haɗa ƙarfen da ke riƙe tayar baya da jikin babur, domin ruwa yana shiga cikin bushin, wato bututun ƙarfe mai roba da bol ɗin ke bi ta cikinsa, tsatsa ta haɗe bol ɗin da shi.

Da farko a kafe babur a kan tsayuwar tsakiya, a cire tayar baya da sarƙa da shokazoba, don kada nauyi ya danne bol ɗin. Sannan a kwance noti, amma a bar shi daidai da bakin bol, saboda guduma tana lalata zaren da ba a kare ba. A zuba WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, ko kananzir ta ɓangarorin biyu, a bar shi ya kwana. A nan ne masu gaggawa suke yin ɓarna. Washegari a riƙa juya kan bol da sifana gaba da baya, ana bugun notin a hankali.

Idan ya ƙi, a sauke tankin mai kafin a gasa wurin da wuta, ko da yake robar bushin za ta ƙone, sai an sake sabuwa. Yanka bol da zarto shi ne mataki na ƙarshe. Kafin a saka sabo, a shafa masa giris sosai.