Bindigar .22 mai ɗana kanta: abin da na gaya wa ɗan ƙanwata

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Amurka ya kira ni ana saura kwana biyu mu fara yankan shinkafa a fadamar Argungu. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Kawu, abokan aikina suna zuwa filin koyon harbi duk Asabar, na gaji da aro. Wacce zan saya?" Ya san na yi shekara biyu a jihar Arkansas ina karatun noman shinkafa, ya kuma san a can wani dattijon manomi ya koya mini harbin gwangwani a bayan rumbunsa. Amsar ta cinye mana kusan awa guda, shi ya sa na ce bari in rubuta ta ko wani ya amfana.

Kafin in taɓa ƙarfe, akwai maganar da ta wajaba a kan mai karatu na nan gida. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta da ta wasa, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka, adaka da 'yan'uwanta, da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa takarda. Ko bindigar iska da yara ke ɗauka abin wasa ce, tana cikin kashi na biyu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai raunin ido, ba a ba mashayi. A watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisi, kuma mutanen Zamfara ba su manta ba, a 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, rundunar 'yan sanda ta amsa cewa ƙofar a rufe take. Saboda haka in kana Birnin Kebbi ko Gusau kana karanta wannan, tafiyarka ta farko hedikwatar 'yan sanda ce. In babu takarda, babu bindiga. A halin da dajinmu yake ciki, wanda aka tare a shinge da bindiga a bayan mota ba zai sami sararin yin bayanin gwangwani ba. Ni kaina a can sai da na yanki lasisin farauta na jiha, domin dokar Amurka ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga in ba shi da irin wannan hujja.

To, na ce wa yaron, fara sanin harsashin, shi ne tushen komai. Sunansa .22 LR, kamfanin Stevens ya fito da shi a 1887, kuma har yau da shi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik. Kaurinsa milimita 5.6, dalmar kansa ba ta kai giram uku ba. Abin da ya raba shi da manyan harsasai shi ne inda wutarsa take. Su a tsakiyar gindi aka dasa musu abin da ke kunna albarushi, shi kuwa an zuba masa a cikin leɓen gindin, zagaye. Allurar bindiga ta daki leɓen, ya lotsa, wuta ta tashi. Wannan ya sa yake da arha ƙwarai, ana sayar da shi hamsin a kwali ko ɗari biyar a ƙunshi, ya kuma sa ba a sake cika kwansonsa. Ba ya shuri a kafaɗa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai wuni yana harbi a gaban babansa bai ji tsami ba.

Zai ga wasu masu wuta a leɓe, .22 WMR da .17 HMR. Na ce ya wuce su. Sun fi gudu, sun fi ƙara, sun fi tsada, kuma takarda da gwangwani ba su san bambanci ba.

Mai ɗana kanta kuma ba mai ɓarin wuta ba ce, kada a haɗa su. Ja ɗaya a kunama, harsashi ɗaya. Abin da take yi da kanta shi ne, ƙarfin tashin albarushi ya tura sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, ta koma baya, ta cillar da kwanso, sifirin ya dawo da ita ta kwaso sabon harsashi ta cusa. Babu wani makulli da ke riƙe sakatar, nauyinta ne da sifirin kawai. A nan duk halinta yake, mai kyau da marar kyau. In harsashi ya yi rauni, sakata ba ta isa baya ba, kwanso ya maƙale. In datti ya taru, haka. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta zagin bindiga alhali laifin kwalin harsashinsa ne.

Ya ce in faɗi suna kawai. Na ce Ruger 10/22, in dai ba shi da dalilin ƙinta. Tun 1964 ake ƙera ta, nauyinta kilo biyu da ɗan ɗori, bututunta inci 18 da rabi. Gidan harsashinta wani ɗan dunƙule ne mai juyawa a ciki, yana cin goma, yana shigewa ciki ya shafe, ba ya leƙowa ya hana ka ɗora ta a kan buhun yashi. Ba don ta fi kowa saiti nake yaba ta ba, ba ta fi ba, kunamarta ma tana da tauri in sabuwa ce. Don kayan gyaranta ne. Ita ce Bajaj ɗin bindigogin wasa: duk lungun da ka shiga akwai wanda ya san cikinta, akwai mai sayar da abin da ya karye. Aibinta ɗaya da nake so ya sani tun wuri, in harsashi ya ƙare sakatarta ba ta tsayawa a buɗe, sai ka ji kunama ta yi ƙas babu komai.

Wadda na koya da ita kuwa Marlin Model 60 ce, ta dattijon nan. Ta fito a 1960. Harsasanta a wani siririn bututu suke jeruwa ƙarƙashin babban, goma sha huɗu a na baya-bayan nan. Zanen cikin bututunta ƙanana ne guda goma sha shida, kuma ni dai a hannuna ta fi Ruger tara harsasai wuri ɗaya. Kamfanin Ruger ya saye Marlin a 2020, aka daina ƙera ta, saboda haka yawancin wadda zai gani a shago ta hannu ce. In ya sami mai lafiya a farashi mai sauƙi, ba zan hana shi ba. Sai dai ɗurinta yana sa hannunka ya yi ta kai-kawo kusa da bakin bindiga, kuma sauke ta yana da wuyar sha'ani.

A kanta na sha kunyar da har yau nake ji. Wata la'asar mun gama, na zare sandan bututun, na juye harsasai a tafin hannuna, na miƙa wa dattijon bindiga na ce babu komai a ciki. Bai ce uffan ba. Ya juya bakinta ga tudun ƙasa, ya ja sakata da ɗan yatsa, sai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗa kan takalmina. Ya sake ja, ya leƙa ramin harsashin, ya sa ƙaramin yatsa ya taɓa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki harsashin ya saka mini a aljihun riga, ya ce in riƙe. Na juye na bututu, na manta da wanda ya riga ya hau. Yana nan a tunanina duk sanda na ga mutum ya cire gidan harsashi ya ɗauka ya gama.

Akwai Savage 64, ƙirar Kanada, mai gidan harsashi na ƙarfe mai cin goma. Arha ce, tana aiki, ba ta da ado. Akwai Winchester Wildcat ta 2019, marar nauyi, tana karɓar gidan harsashin Ruger. Sai Browning SA-22, wadda John Browning ya zana aka fara ƙerawa a 1914, siririya, kyakkyawa, ana raba ta biyu, ana ɗura ta ta wani rami a jikin katakon gindi. Ita ta ƙasa take zubar da kwanso. Wannan ya burge ni domin ni bahago ne, kuma duk sauran ta dama suke cillarwa, wato ta gaban fuskata. Kwanso mai zafi ya taɓa faɗa mini a wuyan riga, na yi rawar da ban yi niyya ba. Amma ita ma Browning tana da nata: in hannun rigarka mai faɗi ne, irin namu, a ciki kwanson zai sauka. Kuɗinta kuma ya ninka na sauran.

Masu siffar bindigar soja, baƙaƙe masu dogon gidan harsashi, na ce masa a'a. A ciki .22 ce kamar kowace, amma ɗan Kabi da danginsa ke jin labarin daji kullum ba ya bukatar hotonsa da irin wannan a waya.

Suna ba ya isa, sai ka riƙa. In ka shiga shago, ka nemi a buɗe sakata a gabanka tukuna. Sannan ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka kwantar da kunci a katako, ka buɗe ido. In idonka ya faɗa daidai kan saiti ba tare da ka miƙa wuya kamar zalɓe ba, ta dace da jikinka. In sai ka yi ta gyara, ajiye ta, ko wa ya yaba maka ita. Ka duba ko yatsanka yana kai wa makullin kunama ba tare da ka saki riƙo ba. Ka cire gidan harsashi ka mayar sau biyar, abin da za ka yi sau dubbai ne. Kada ka ja kunama a kan bindiga wofi sai mai shago ya yarda, domin a irin waɗannan, musamman tsofaffi, allura takan daki bakin ramin harsashi ta yi masa tabo. In ta hannu ce, wannan tabon shi ne abin da za ka fara nema da tocila, domin shi ke riƙe kwanso. Ka leƙa bututu a haske, ka shafa shi daga waje ko akwai kumburi, ka dubi bakinsa ko ya taɓa dukan dutse.

Maganar madubin saiti na gajarta masa. Ya fara da saitin ƙarfen da ta zo da shi, a mita 25. In idonsa ya gaji, ya sa madubi mai ninki huɗu wanda aka yi don .22, ya daidaita a mita 50. Daga nan zuwa mita 100 harsashin yana sauka kusan taƙi guda, kuma iska kaɗan tana kore shi.

Abin da na fi nanata masa shi ne kada ya sayi ƙunshin ɗari biyar ranar farko. Ya sayi kwali ɗaya ɗaya na iri uku ko huɗu. Akwai mai matsakaicin gudu, wajen mita 330 a daƙiƙa, wanda yakan fi tara saiti. Akwai mai saurin gudu, wanda yakan fi tura sakata da kyau, musamman a sabuwar bindiga da sifirinta bai saki ba. Ya ɗora ta kan buhu, ya harba biyar biyar, ya rubuta sunan kwali a jikin kowace takarda, ya ƙirga sau nawa ta cije. Bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya sai ka ga kowace da abincin da take so, kamar tagwayen tumaki. Wanda ta karɓa shi zai saya da yawa. In ya ja kunama harsashi bai tashi ba, abin da ke faruwa lokaci lokaci saboda maganin leɓen bai zagaye daidai ba, ya bar bakinta a kan tudu ya ƙirga talatin kafin ya buɗe. In kuma ƙarar ta fito a shaƙe, ya tsaya cak, ya duba bututu, mai yiwuwa dalma ta tsaya a ciki.

Harsashin .22 ƙazami ne, yana da kakin shafawa, yana barin toka. Tokar a cikin sakata take taruwa. Tsohon buroshin haƙori da ƙyalle sun isa, mai kuma ɗigo biyu. Masu zuba mai kamar miya su ne bindigarsu ke cijewa, don mai da toka suna haɗuwa su zama kwaɓa. Wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke yi wa sarƙar babur ya san abin da nake nufi.

Ya tambaye ni ko da gaske ƙaramin nan yana kisa. Na ce ya karanta jikin kwalin, an rubuta yana da haɗari har fiye da mil guda. Yana kuma tsalle in ya daki ruwa ko dutse ko busasshiyar ƙasa, ya tafi inda ba a aike shi ba. Ba a harbi sai da tudun ƙasa a bayan abin bara, ba a harbin kwalba, ba a harbi sai da tabarau da abin toshe kunne. A gida bindiga a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam, makulli a jikinsa, domin yana da 'ya'ya biyu ƙanana.

Bayan mako uku, muna cikin sussuka, ya turo mini hoto. Ruger ya saya, ta hannu, mai katako. Takardu huɗu ya jera a kan tebur, kowace da sunan kwali a kusurwa. Ta uku ce harsasanta biyar suka taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe, kuma ita ce mafi arha a cikinsu. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, ta cije sau biyu da na farko, da wannan ko sau ɗaya." Na ce ya koma ya sayi ƙunshi biyu kafin mai shagon ya canza kaya.