Kurakuran da Ake Yi Idan Hannu ko Ƙafa Ta Samu Rauni

"Tunda yana motsa yatsunsa, ai targaɗe ne kawai." Wannan magana ta jinkirta maganin karaya a gidaje da yawa. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne ke jere, haka ma a ƙwauri. Ɗaya yana iya karyewa ɗayan ya riƙe. Siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ta waje ba ya ɗaukar nauyi sosai, shi ya sa mutum zai karye a nan kuma ya ci gaba da ɗingishi har kasuwa. Ƙashin yaro kuwa kamar ɗanyen reshe yake, yakan lanƙwashe ya tsage ta gefe guda bai rabu biyu ba. In an danna kan ƙashin kansa sai zafi ya tashi, ko mutum ya kasa taka ƙafa taku huɗu, a je a ɗauki hoton ƙashi.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaure ɗori tamau. Ƙashi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Jijiyoyin jini da na ji suna bin gefensa, tsokoki kuma suna cikin wani tantani mai tauri da ba ya buɗewa. Bayan karaya wurin zai ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. To in an jera karare an naɗe da tsumma an ja iya ƙarfi, ina kumburin zai je? Sai ya matse jijiyoyin, jini ya daina isa, cikin 'yan sa'o'i tsoka ta fara mutuwa. Karayar da yara suke yawan yi in sun faɗo daga bishiya ko katanga, wadda take sama kaɗan da gwiwar hannu, nan ne hatsarin ya fi yawa, domin babbar jijiyar jinin hannu ta gaban wurin take wucewa.

Akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar kuma suka san iyakarsu, amma ko wa ya yi ɗaurin, ko da filastar asibiti ce, alamun ɗaya ne. Yaro yana ta kuka, zafin ya wuce misali, in ka miƙar masa da yatsa ya ƙwalla ƙara. Yatsun sun yi sanyi, ko sun dushe, ko ya ce ba ya jin su. Kada a ce masa "daure, ƙashi ne ke haɗewa." A sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda ke kusa da Kano yana da asibitin ƙashi na Dala, amma asibiti mafi kusa shi ne na farko.

Wuyan hannu ma ana raina shi. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wurin, cikin 27 da ke hannu daga wuyansa zuwa kan yatsu. Ɗaya daga cikinsu, a gindin babban yatsa, jini ba ya wadatarsa, kuma karayarsa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, zafi ya zauna masa a ɗan ramin nan na gindin babban yatsa, ya koma a sake dubawa bayan kwana 10 zuwa 14 ko da an ce hoton lafiya lau.

Sai jan gaɓar da ta goce. Ƙoƙon kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi gocewa, kuma a filin ƙwallo ba a rasa mai cewa "ku riƙe shi in mayar." Gocewa tana iya zuwa tare da karaya, jan kuma ya ƙara ɓarna. A rataye hannun da gyale a yadda yake, a kai shi asibiti. Iyaye mata da yayye kuma a daina ɗaga ƙaramin yaro ta hannu ɗaya don tsallake kwata. Kafin shekara 5 gwiwar hannunsa tana saurin zamewa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: yaro yana iya kukan gwiwa alhali ciwon a kwatangwalo yake, domin akwai jijiyar ji da ke hidimar wuraren biyu. Ga mai cutar sikila wannan ba abin wasa ba ne, tunda kan ƙashin cinya yakan lalace in jini ya daina isa gare shi. In yana ɗingishi, ana ta shafa man zafi a gwiwa ba sauƙi, a roƙi likita ya duba kwatangwalon.